Hasiya Mai Taka Birki

A Yantala, unguwar Yamai, in ka bar babban titi ka gangara kamar za ka kogi, akwai wani dogonyaro da aka raba inuwarsa biyu. Rabin gabas na Ɗanjuma ne, mai gyaran birki. Rabin yamma na matarsa ne, Hasiya, mai dambu da kopto, wato kwaɗon zogale. Shekara ashirin da biyu ke nan da yin wannan rabo, kuma har yau ba a gama gardamar iyaka ba, don inuwa ba ta zama wuri ɗaya.

Ɗanjuma birki kawai ya sani, kuma bai taɓa ɓoyewa ba. In ka kawo masa mota tana tari ko tana hayaƙi, sai ya nuna maka garejin gaba da baki. Sai dai a gyaran birki akwai wurin da mutum ɗaya ba ya iyawa. In iska ta shiga bututun da man birki ke bi, dole a fitar da ita, kuma sai da mutum biyu. Ɗaya ya kwanta a ƙasa da kile a hannu, yana buɗe wani ɗan noti a bayan taya. Ɗaya ya zauna a mazaunin direba yana taka fedal. Na ƙasa ya ce fompa, na sama ya yi ta takawa. Ya ce riƙe, ya danne kada ya saki, har iskar ta feso tare da mai. Wannan na saman, a ƙarƙashin dogonyaron nan, Hasiya ce.

Ba aikin da ta zo Yamai yi ba ne. Ƴar Mirriya ce, can kusa da Damagaram, kuma a gidansu tukwane ake ginawa. Tun ba ta kai tsawon randa ba take taka yumɓu, uwarta na tsaye a kanta tana cewa ta ji da kyau, don tsakuwa ɗaya in ta ɓuya a ciki ita ke fasa randa a wuta. Haka tafin ƙafarta ya tashi da kunne. Da aure ya kawo ta birni, ta ɗauka ta rabu da taka abu ke nan.

Wata la'asar, a shekararta ta farko, wani mai taksi ya bar motarsa ya tafi masallaci, Ɗanjuma kuwa yana kwance a ƙasa ba mai taka masa. Ya ƙwala mata kira. Ta wanke hannu, ta zo, ta tuɓe takalmi a bakin ƙofar mota kamar za ta shiga ɗakin surukai, ta hau. Ta taka sau uku ta riƙe.

"Maigida," ta ce, "abin nan nutsewa yake a hankali, kamar yashin bakin ruwa. Ina jin ba iska ba ce."

Ɗanjuma ya yi dariya har kile ya faɗi. Ya yi ta fitar da iskar da babu har rana ta yi ja, sannan ya kwance babban famfon birkin ya tarar da robarsa a yage. Bai ce mata ta yi gaskiya ba. Washegari dai ta iske ya matsar da akwatin kayansa taku ɗaya, ya ƙara mata inuwa.

Tun daga nan ƙafarta ta shiga aiki. In iska ce, takan ce kamar katifar soso. In birkin tayoyin baya ne ya cinye, takun farko ya tafi nesa, na biyu ya tsaya kusa, takan ce motar tana son a kira ta sau biyu kamar ɗiyarsu Jamila. Masu taksi suna ce mata Tanti Fompa, kuma akwai waɗanda ba sa yarda a ba su mota sai ta taka ta ce to. Abin mamaki, ta zauna a mazaunin direban motoci da ita kanta ba ta san yawansu ba, amma ba ta taɓa matsar da ko ɗaya ba. In an ce ta koyi tuƙi, sai ta ce masu tafiya sun yi yawa a garin nan, masu tsayawa ake nema.

Motar da ta fi ba su wahala ta zo ne a bara, bayan damina. Ta Mushe Yakuba ce, tsohon malamin lekol, wato makarantar boko, inda ake ce wa malami Mushe, ɗan Tawa, wanda ya shekara talatin da huɗu yana koyar da lissafi, yanzu ya yi retret, ya ajiye aiki, yana zaune a Lamorde, hayin kogi. Kullum da hantsi yakan tsallako kadarko zuwa Zongo, inda fadarsu take: tsofaffi biyar, benci biyu, butar shayi ɗaya. A nan suke gyara duniya har azahar. Da, wata tsohuwar Fijo yake tuƙawa, har gwiwarsa ta hagu ta fara ƙorafin ambirayaj, fedal ɗin da ake takawa a canza giya. Sai ɗiyarsa Rahina, wadda ke aiki a asibiti, ta raba shi da ita, ta samo masa wata otomatik mai fedal biyu kacal. Ita ma motar ba yarinya ba ce, ta haura shekara ashirin da biyar, amma lafiyarta lau. Ban da birki.

Ciwon kuwa mai wayo ne. Da safe birki garau. Sai an tsallake kadarko, an shiga cunkoso, sannan wani ƙauri ya tashi, fedal ya tafi ƙasa kamar an taka tuwon jiya da aka jiƙa. In Mushe ya zauna ya sha shayi zagaye uku, ya dawo, sai ya tarar birki ya farfaɗo kamar ba shi ba.

Zuwan farko, Ɗanjuma ya tarar falaket ɗin gaba, masu riƙe taya in an taka birki, sun cinye, man birki ya yi baƙi kamar shayin farko. Ya canza duka. Bayan wata biyu motar ta dawo, sababbin falaket sun ƙone. Ya ce to wani abu ne ke maƙalewa. Ya kwance, ya wanke, ya shafa, ya canza bututan roba, ya je feray, inda ake sayar da gaɓoɓin matattun motoci, ya samo wani famfon. Ya shiga da kansa ya zagaya Yantala, ya gangara bakin kogi ya hauro, ya taɓa tayoyi, sanyi ƙalau. A duka zuwan biyu Hasiya ba ta hau motar ba, don Mushe ya shimfiɗa farin leshi a mazauninsa, kuma ya ce shi zai taka abinsa. Yana takawa yana ƙirge da Faransanci, da ƙarfi, kamar akwai aji a gabansa.

Zuwa na uku, ran Litinin, ba shi kaɗai ya zo ba. Rahina na biye da shi a tata motar, fuskarta a ɗaure.

"Metir," ta ce wa Ɗanjuma, yadda ake kiran masu gyaran mota, "ran Alhamis zan dawo. In ba a gano abin da ke damun motar nan ba, feray za ta, makulli kuma ya shiga jakata. Ba zan sayi wata ba. Taksi bai ƙare a Yamai ba."

"Taksi!" in ji Mushe. "In tsaya bakin titi hannu a sama kamar mai neman izinin fita? Ya tsaya, in faɗa masa inda za ni, ya girgiza kai ya wuce?"

"Baba, raƙumi ka buge."

"Ban buge shi ba. Jingina na yi da shi."

"Da zanar da ya ɗauko duka a kan gilashinka."

"Mun rabu lafiya da mai shi. Har gaisuwa ya ce in kai gida."

Hasiya tana tsame zogale tana ji. Ta lura Mushe yana dariya, amma hannunsa na cikin aljihu, kuma ana jin ƙarar makulli. Ta san irin wannan tsohon. In aka raba shi da fada, sati biyu zai yi yana faɗa da jikoki a kan talabijin, sannan ya kwanta ciwo.

Ran Talata Ɗanjuma ya tuɓe wa motar tayoyi huɗu, ya baje kayan cikinta a kan buhu, ya duba ɗaya bayan ɗaya, ya mayar. Bai ga komai ba. Ran Laraba da hantsi Hasiya ta ajiye masa dambu, har ya huce bai taɓa ba. Mushe na zaune a kan benci, ya fasa zuwa fada, yana kallon motarsa kamar mai jinya.

"Mushe," in ji Ɗanjuma a ƙarshe, "ka yi haƙuri, a ɗage leshin nan. Bari Maman Jamila ta hau."

Mushe ya dube ta, ya dubi leshi. Ya tashi da kansa ya naɗe shi.

Hasiya ta tuɓe takalmi ta hau. Ta taka. Tauri kamar dutsen niƙa. Ta riƙe, ta ƙirga numfashi goma, bai nutse ba ko kaɗan. Birkin nan lafiyarsa ta fi tata. Tana shirin sauka sai tafin ƙafarta ya ce mata tsaya. Ta sake shafa robar fedal ɗin, daga wannan gefe zuwa wancan. Duk motar da ta taɓa hawa, robar a gefen dama take sulɓi, don daga can ƙafar direba ke zuwa. Wannan kuwa gefen hagu ne ya sulɓe, har ƙarfe ya kusa leƙowa.

Ta ci gaba da zama, hannunta a kan sitiyari. Ta gane, kuma ganewar ba ta yi mata daɗi ba. In laifin mota ne, Rahina za ta karɓe makulli. In laifin direba ne, ai ta fi samun hujja.

"Me kika ji?" Ɗanjuma ya tambaya daga ƙasa.

"Na ji zogalena ya kusa ƙarewa. Mushe, ko za ka taimaka ka kai ni kasuwa?"

Kan Ɗanjuma ya fito daga ƙarƙashin mota. "A wannan? Ke, kin gaji da mu ne?"

"Da safe ai lafiya take. Ko ba haka kuka ce ba?"

Mushe ya ji daɗin a ce har yanzu akwai mai neman ya kai shi wani wuri. Ya buɗe mata ƙofar gaba. Suka hau titi. Yana tuƙi a tsanake, hannu biyu a sitiyari, yana yi mata bayanin yadda masu babur suka lalata ƙasa. Ita kuwa kanta a sunkuye. Ya ɗauka kunya ce irin ta mutanen Damagaram, har ya yaba a ransa.

Ba su yi nisa ba ta ga abin da take jira. Ƙafarsa ta hagu, wadda ke ajiye a ƙasa, ta ɗaga a hankali, ta lallaɓa, ta kwanta a gefen birki kamar kaza a kan ƙwai. Ta dama na ba da wuta, ta hagu na ɗan dannawa. Mushe bai san ana yi ba, yana kan maganar masu babur.

"Mushe, tsohuwar motarka, sau nawa aka canza mata ambirayaj?"

"Duk shekara, Madam! Kayan yanzu ba su da ƙwari."

"Allah sarki. Ɗan tsaya a gefe. In ka tsaya, don Allah kada ka motsa komai."

Ya tsaya gaban wani mai gyaran taya.

"To dubi ƙasa."

Ya duba. Ga ƙafafunsa biyu a kan fedal ɗaya, kafaɗa da kafaɗa kamar masu sahu. Ya cire tabarau, ya goge, ya mayar. Suna nan.

"Ke!" ya ce wa ta hagun. "Wa ya kira ki nan?"

Hasiya ta danne dariya da gefen mayafi. Ta yi masa bayani yadda ta iya: tun daga Lamorde ƙafar nan take riƙe da birki kaɗan-kaɗan, ƙarfe na gugar ƙarfe, har ya yi zafi, man ya tafasa. Mai kuwa in ya tafasa, kumfa ce, kumfa ba ta tsayar da mota. In ya sha shayi, man ya huce.

Wani mai kura ya wuce su, wani mai tallan katin waya ya leƙo ya tafi.

"Shi ke nan," in ji Mushe a hankali. "Rahina ta saya mini motar don gwiwata, ga gwiwar ta kashe ni. Madam, in da za ki yi shiru, Metir ya ce ya samu wani ƙarfe ya canza..."

"Mushe, shiruna ba zai tsayar da mota a kan kadarko ba. Wannan karon raƙumi ne."

Ta bar shi ya ɗan daɗe da maganar, sannan ta ce, "Ni dai ban ga laifin ƙafar nan ba. Shekara talatin tana da aiki, rana ɗaya aka sallame ta ba sanarwa. Kai da aka ba ka retret, gida ka zauna?"

"Fada na tafi."

"To ita ma a nema mata wurin zuwa."

Da suka dawo, ba zogale, Mushe ne ya faɗa wa Ɗanjuma da bakinsa. Ɗanjuma ya zauna a ƙasa daɓas. Ya fara dariya, sai ya tuna kwana nawa ya yi a kwance cikin ƙasa, dariyar ta koma tsaki, sannan ta dawo.

"Shi ya sa!" ya ce. "Sau biyu ina canza ƙwan jar fitilar baya, ina zagin masu sayarwa. Ashe tun daga Lamorde take kunne!"

"Ka ci dambunka," in ji Hasiya, "ka je feray ka samo mana fedal."

"Wane fedal?"

"Na ambirayaj. Wanda ba ya yin komai."

Kafin azahar Ɗanjuma ya dawo da wani tsohon fedal da sifirin ɗinsa. Ya ɗaure shi da noti huɗu can ƙuryar hagu, nesa da birki. Ba ya haɗe da komai a duniya. In an taka ya tafi, in an saki ya dawo, har da ɗan kuka. Ya kuma sa wa birkin sabuwar roba, ya canza mai.

Da la'asar aka shiga lekol. Mushe da kansa ya miƙa wa Hasiya maficinta, ya ce in ta ga ƙafar ta kama hanya, ta buga masa a gwiwa, kada ta ji nauyi. Suka yi ta zagaya unguwa. Zagayen farko ya sha mafici huɗu. Mata a ƙofar gidaje suka fara leƙowa, suna tambayar juna ko Tanti Fompa ta koma koyar da tuƙi ne. A zagaye na shida ƙafar ta ɗaga, ta yi kamar tana tunani, sannan ta juya ta sauka a kan sabon wurinta. Fedal ya yi ƙiii.

"Tirebiyan, ya yi kyau," in ji Mushe, yana duban ƙasa.

"Dubi hanya, Mushe!"

Ran Alhamis Rahina ta zo da hantsi, jakarta a buɗe. Mushe ya sa babbar riga. Ya tsaya gabanta ya yi bayani dalla-dalla, bai rage komai ba. Ta leƙa ta ga fedal na uku, ta fashe da dariya har ta dafa mota. Sannan dariyar ta ɗauke.

"Wato kai ne, Baba."

"Ƙafata ce. Mun zauna da ita, mun fahimci juna."

"Jiya. To gobe fa? In ta manta?"

Hasiya ta rufe tukunyarta, ta gyara ɗaurin zane.

"Ɗiyata, jar fitilar baya ba ta ƙarya. Ko ya ya taɓa birki sai ta kama. Ki bi shi a baya ki gani da idonki. Ya je Lamorde, ya juyo, ya tafi Zongo, yadda ya saba. Ni ma zan shiga taki."

Haka aka yi. Mushe a gaba, Ɗanjuma a gefensa, su biyu a baya. Idon Rahina a kan fitilar. Suka tsallaka lafiya. A Lamorde ya juya. A dawowa, tsakiyar kadarko, hanya a buɗe, sai ja ya kama.

"Kin gani!" in ji Rahina, ta bugi sitiyari.

Hasiya ta leƙa ta taga. Sai ga wani mai babur ya fito daga gaban motar Mushe, rago a ɗaure a bayansa, yana ratsawa kamar hanyar gidansu ce. Yana wucewa, fitilar ta mutu. Ba ta sake kamawa ba sai a wutar titi.

A Zongo tsofaffin fada huɗu suna zaune a kan bencinsu, kwana uku ba su ga na biyar ba. Ɗanjuma ya fito, ya bi tayoyi ɗaya bayan ɗaya da bayan hannu. Ya kira Rahina ta taɓa. Ɗumi kawai, irin na kofin koko. Mushe ya kashe mota, ya fito, ya miƙa wa ɗiyarsa makulli bai dube ta ba.

Rahina ta juya shi a hannu. "Tanti, in mahaifinki ne?"

"Zan bar masa. Amma duk farkon wata ya kawo mini motar in taka robar nan. Ran da na ji gefen hagu ya fara sulɓi, ni zan kira ki, ba sai kin tambaya ba."

"Kin ji, Baba?"

"Na ji. An sa mini sufeto."

Ta saka masa makullin a aljihun babbar riga da hannunta.

Kafin su juya mota, Mushe ya riga ya zauna, an miƙa masa shayi, yana bayyana wa fada yadda ya zauna ya yi lissafin zafi da nisa har ya gano matsalar. Ɗaya daga cikin tsofaffin ya ce bai yarda akwai mota mai fedal na banza ba, sai ya gani. Da Hasiya ta waiwaya ta gilashin baya, su uku sun yi layi a ƙofar direba, kowa riƙe da gefen rigarsa, ana jiran na ciki ya gama takawa.

"Ɗan ƙara wuta, ɗiyata," ta ce wa Rahina. "Masu taksi sun kusa zuwa cin dambu."